Buhu Biyu na Irin Gyaɗa

An hana mu rantsuwa a ikilisiya, ba don haka ba da na rantse muku ba za ku yarda da wannan labari ba. Za ku ce na yi masa ƙari. To ku gyara zama ku ji tukuna, gardama sai an tashi.

Akwai wani mutum manomi a wani ƙauye, yana da mata ɗaya, da 'ya'ya mata huɗu, da ƙane guda. Ba mai dukiya ba ne, gonarsa ma ba ta fi ta maƙwabtansa girma ba. Amma Ubangiji ya ba shi ido da hannu. Abin da wani ya jefar a juji, shi sai ya tsuguna ya jujjuya shi, ya ce, "Wannan bai gama aikinsa ba," ya saɓa ya kai gida. Bayan ɗakinsa cike yake da tsofaffin tayoyi, da sarƙar keke, da gwangwanaye, da ƙarafan da ba wanda ya san sunansu. Matarsa Tabita takan ce, "Wasu mazan nama suke shigowa da shi gida, nawa kuwa tsatsa."

Amma daga tsatsar nan aka yi mata murhu mai bututu, don ya ga hayaƙi yana sa ta hawaye. Daga ciki aka yi wa 'yan matan amalanken ɗaukar ruwa, suka huta da tulu a ka. Ba duk abin da ya ƙera ne ya yi kyau ba, kada in yi muku ƙarya. Ya taɓa yin tarkon gafiya, abin da tarkon ya fara kamawa zakaran mai bishara ne. Ya yi wata fanka da ya ce iska za ta juya ta ta jawo ruwa daga rijiya. Iskar farko ta damina ta ɗauke ta cak, ta ajiye a kan rufin maƙwabci. Ya tsaya yana kallonta can sama, ya yi dariya har ya riƙe ciki, sa'an nan ya ɗauki tsani ya je ya gyara wa mutumin rufinsa, ya ƙara masa da gyaran ƙofa.

Wata shekara gyaɗa ta yi albarka. Ya dawo daga gona ya tarar da Tabita tana ɓara, babban yatsanta ya tsage, ta ɗaure shi da tsumma tana ci gaba. Ya juya ya nufi bayan ɗaki. Kwana goma sha biyu ana jin ƙwanƙwasa a bayan ɗaki. Da ya fito da abin, ga rabin durom da ragar ƙarfe a ƙasansa, ga guntun taya a ciki, ga fedar keke a gefe. A zuba gyaɗa ta sama, mutum ya hau ya tuƙa, taya ta murza gyaɗar a jikin raga, ƙwaya da ɓawo su zubo cikin buhu, sai sheƙewa. Aikin da mace take kwana bakwai a kansa, sai ga shi an gama kafin tuwo ya nuna.

Bai sa injin a cikin gida ba. A ƙofar gida ya kafa shi, gindin mangwaro, ya ce kowa ya zo. Wani ya ba shi shawara ya riƙa karɓar ko mudu ɗaya a kowane buhu. Ya ce, "In na fara karɓa, sai na zauna gadinsa. Ni kuwa ina da gona."

To, gyaɗar ci ba ta da rigima. Ko ta fashe, mai ƙuli-ƙuli ba ruwanta. Amma iri dabam ne. Ƙwayar da ta rabu biyu, ko wadda jar rigarta ta saluɓe, in ka shuka ta ƙasa ka ciyar, ba za ta tsira ba. Shi ya sa ake ajiye iri da ɓawonsa har gab da shuka, sa'an nan a ɓare da hannu, ɗaya-ɗaya. Manomin nan ya shekara uku yana gwaji da 'yar tasa gyaɗar, har ya gano yadda injin zai ɓare iri ba tare da ya fasa ba. Tun daga nan, duk shekara in hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai a sa rana, gari duka ya kawo irinsa gindin mangwaro. Ranar kuwa tun da sassafe, kafin mutane su iso, za ka gan shi tsugune wurin injin yana 'yan shirye-shiryensa.

Ƙanen nan nasa, sunansa Sila. Sila ba mugu ba ne, sai dai bakinsa ya fi hannunsa sauri nesa ba kusa ba. A aji huɗu ya bar makaranta, ya ce malaman sun gama ba shi abin da suke da shi. Shi ne ya sa kwaɗo a takalmin wani baƙo mai wa'azi. In ya kama tarwaɗa kamar yatsa, kafin ya iso gida ta kai cinya. Wan ne ya riƙe shi tun rasuwar ubansu, shi ya yanka masa gona, shi ya yi masa aure, shi yake bi yana ba mutane haƙuri a bayansa.

Duk ranar iri, wan yakan leƙa ta katanga ya kira shi.

"Sila, zo ka tsuguna nan ka ga yadda ake yi wa iri."

"Yaya, ai kana nan. Bari sai baɗi."

"Baɗin nan taka ba ta isowa."

"Ni fa kallo ɗaya nake yi wa abu in iya. Me za ka nuna mini a rabin durom?"

Sai wan ya yi dariya ya koma aikinsa. Sila kuwa sai mutane sun taru yake fitowa, da wankakkiyar riga, yana ba mata labari suna dariya. Shekara tara ana haka.

Ana nan, bayan kaka, manomin ya kwanta ciwo. Kwana shida ya yi, ran na bakwai Ubangiji ya kira shi. Ya bar wani ɗan keken guragu da yake haɗa wa wani maƙwabci, ƙafa ɗaya an ɗaura, ɗayar tana jingine da bango.

Bayan mako guda aka yi sujadar tunawa da shi. Majami'a ta cika har waje. Dattijon ikilisiya, Baba Irmiya, ya ce duk mai shaida ya tashi ya bayar. Wata gwauruwa ta ce shekara huɗu shi yake yi mata huɗa kafin ya yi tasa. Wani ya ce ranar da matarsa ta tashi haihuwa, marigayin ya ba shi kekensa, shi ya taka da ƙafa zuwa kasuwa da buhu a ka. Mutane suna ta tashi, ana ta share hawaye.

Sai Sila ya miƙe. Abin da yake cikin zuciyarsa gaskiya ne. So yake ya ce, Yaya ya riƙe ni shekara ashirin, bai taɓa gajiya da ni ba. Amma da ya ɗaga kai ya ga idanu sun fi ɗari duk a kansa, shiru kamar ba kowa, sai tsohuwar cutar ta motsa.

Ya ce, "Jama'ar Ubangiji, injin nan da kuke gani, mu biyu muka yi shi. Yaya yana da hannu, wannan ba gardama. Amma dabarar," ya ɗan taɓa goshinsa da yatsa, "ban so in faɗa yana raye ba, don kada in rage masa."

Majami'a ta ɗauki ƙus-ƙus. Tabita ta dube shi daga wajen mata. Baba Irmiya kuwa ya ɗaga hannu sama ya ce, "Madalla! Ashe ba a bar mu marayu ba. Sila ɗana, ranar iri tana hannunka."

Sila ya koma ya zauna.

Wata huɗu ne tsakanin ranar nan da faɗuwar ruwa. Wata huɗu cur yana da damar ya je zauren Baba Irmiya ya ce, Baba, bakina ne ya zarce. Sau biyu ya kama hanya. Na farko wasu samari suka gaishe shi, "Injiniya, barka da rana," sai ya ji sunan ya zauna masa daidai, ya juya. Na biyu ya tsaya gindin mangwaro, ya zuba gyaɗar ci mudu ɗaya, ya hau ya tuƙa, ta fito. Ya ce a ransa, "Af, dama wannan ne? A zuba, a tuƙa. Yaya ma dai da son wahalar da kai."

Ana gobe ranar iri, Tabita ta same shi a ƙofar gidansa yana gyaran fartanya. Da ma akwai wasa tsakaninsu, irin na matar wa da ƙanen miji, amma ranar ba da wasa ta zo ba.

Ta ce, "Sila, tsakaninka da Allah, ka iya?"

"Haba matar Yaya! Ni? Ko an ɗaure mini ido."

"Ba ni da wani iri sai buhu biyun nan. Da hannunsa ya zaɓe su, ya ɗinke bakinsu. In ba ka iya ba ka faɗa mini nan, daga ni sai kai. Ni da yarana mu zauna mu ɓare da hannu, ba wanda zai ji."

Ga ƙofa an buɗe masa, ba ko kuɗin shiga. Sila ya dubi fartanya, ya dubi Tabita, ya ce, "Naki ma za a fara. Ki dai dama mana kunu mai kauri, aikin ƙwaƙwalwa yana sa yunwa."

Washegari gari ya taru, kowa da buhunsa, wasu a ka, wasu a jaki. Tabita tana cikin gida wajen tukunyar kunu, kamar yadda ta saba kowace shekara. Sila ya farke buhun farko, ya zuba, ya ɗaura wani buhu a bakin injin, ya hau feda. Tuƙi yake kamar wanda kare ya biyo, har da waƙa.

Can ya sauko ya zura hannu cikin buhun don ya duba. Ƙwaya biyar ya damƙo. Uku sun rabu biyu, fari fat.

Baba Irmiya yana daga gefe a kan kujera, ya ce, "Yaya dai, ɗana?"

Sila ya watsa su a baki ya tauna. Ya ce, "Sumul, Baba!"

Ya ce a ransa ƙila taya ce ta yi sako-sako. Ya ɗauki sifana ya ƙara ɗaure wani noti, yana gyaɗa kai kamar likita, mutane suna kallo suna sha'awa. Ya sake hawa. Da ya sake zura hannu, abin ya fi na dā muni. Nan ma bai tsaya ba. Ya ce a ransa buhun farko ne ya bushe da yawa, na biyu zai gyaru, in aka gauraya ba wanda zai lura. Ya farke na biyu ya zuba.

Kunnen Tabita ne ya kama shi. Shekara tara tana jin ƙarar injin nan daga madafa ranar iri, wani sassanyan shuu, shuu, kamar ana tankaɗe. Yau kuwa ƙas, ƙas, ƙas take ji, kamar ana taunar ƙashi. Ta fito da ludayi a hannu.

"Tsaya."

"Matar Yaya, saura kaɗan..."

"Na ce ka tsaya!"

Ya tsaya. Abin da ya rage a cikin durom bai cika tafin hannu biyu ba. Tabita ta kwance buhun, ta juye shi a kan tabarma a gaban kowa. Irin gyaɗa ja ne in an ɓare. Wannan fari ne, ɓari-ɓari, kamar an shirya shi don suya. Ta durƙusa tana tonawa da yatsa, tana neman masu rai. Ta tsinci 'yan kaɗan ta riƙe a hannu, ta daɗe tana kallonsu.

Sila ya buɗe baki ya ce, "Ai zafin bana ne ya..."

Baba Irmiya ya katse shi. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana, a cikin injin nan, wane wuri ne kai ka yi?"

Sila ya sunkuyar da kai.

"Ina jinka."

Sila ya ce, "Baba, ko guduma ban taɓa miƙa masa ba."

Tabita ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Yayanka yakan yayyafa wa iri ruwa da sassafe, ya rufe da buhu. Wannan na sha gani, amma ban san yawan ruwan ba, ban san tsawon jiran ba. Yakan cire wani abu a ƙarƙashin taya ya sa wani. Wannan ban sani ba sam, ni ina wajen kunu. Kai yake kira, Sila. Ta katangar can. Ina jinsa."

Ba wanda ya zage shi. Da an zage shi ma da ya fi masa sauƙi. Mutane suka ɗauki buhunansu ɗaya bayan ɗaya, suka koma gida don su ɓare da hannu kamar dā. Kunu ya huce a tukunya.

Da wuri ya watse, Tabita ta kakkaɓe buhu ɗaya ta miƙa wa Sila.

Ta ce, "Ka san jar gyaɗar nan mai manyan ƙwaya, mai nuna da wuri? Shekara da shekaru yayanka yana zaɓenta a gona, gindi-gindi. Ba a sayar da irinta a kasuwa. Amma ba gidan da ya roƙa ya hana. Wani mudu, wani rabin mudu, har da waɗanda ba su roƙa ba. Tana nan a rumbunan mutane."

Sila ya ce, "Ban sani ba."

"Na san ba ka sani ba. Ɗauki buhu ka bi gida-gida. Kada ka ce ni na aike ka. Kada ka ce injin ya lalace. Ka tsaya a ƙofa ka faɗi abin da ka yi da bakinka, wannan bakin dai da ka tashi da shi a majami'a."

Ya karɓi buhun. Ga hadari ya yi baƙi a gabas, shuka ba ta jiran kowa.

Gidan farko na wata tsohuwa ne, Gwaggo Tani, wadda Sila ya taɓa aikawa har bakin rafi da sandarta, wai akuyarta ta haifi biyar a can. Ya yi sallama, ya durƙusa, ya ce a hankali, "Gwaggo, ƙarya na yi a majami'a. Ban iya injin Yaya ba, na farfasa irin gidansa."

Tsohuwa ta kara hannu a kunne. "Me ka ce? Kunnen nan ya tsufa."

Ya maimaita da ƙarfi.

"Ɗaga murya, ɗan nan. Ai ran nan har waje muka ji ka."

Ya faɗa karo na uku, har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Sa'an nan ta shiga ɗaki, ta fito da ƙwarya cike, ta juye masa a buhu. Ta ce, "Ba kai na ba. Shekarar da ƙwari suka cinye mini iri, yayanka ne ya kawo mini har nan, ya ce wai ya yi masa yawa. Na san bai yi masa yawa ba."

Gida talatin da ɗaya ya shiga cikin kwana biyu. A kowace ƙofa ya faɗi abin kunyarsa, a kowace ƙofa kuma aka ba shi wani labari na wansa da bai taɓa ji ba. A nan ya san mutumin da ya zauna kusa da shi shekara ashirin, katanga ɗaya tsakaninsu. Abin da ya tara bai kai buhu ɗaya ba, don kowa ma shuka zai yi. Rabin gonar Tabita aka shuka gyaɗa a shekarar, rabin aka watsa wake. Injin yana nan gindin mangwaro, yana ɓarar gyaɗar ci. Amma iri, har yau ba wanda ya gano yadda marigayin yake yi masa. Sila yakan gwada da 'yar tasa gyaɗar duk shekara, da sassafe, shi kaɗai. Fari take fitowa.

Ga abin da misalin nan yake nufi.

Manomin nan shi ne mutanen da Ubangiji ya ajiye mana a cikin gidajenmu da baiwa a hannunsu. Wani uba ne, wata uwa ce, wani wa ne, wata tsohuwa ce da ta san addu'a da haƙuri fiye da mu duka. Allah bai ba su baiwar don ta bi su kabari ba. Shi ya sa suke kira ta katanga. Sila kuwa, kada kowa ya waiga ya dubi na kusa da shi. Mu ne. Mun iya tashi ranar jana'iza mu yi jawabi mai daɗi, har mu ɗan gutsuri yabon mu sa a aljihu, amma da mutumin yana raye ba mu tsuguna kusa da shi ko sau ɗaya ba.

Ku lura da ƙwaya ukun nan da ya watsa a baki. A lokacin, mudu ɗaya ne kawai ya lalace. Da ya sauko daga feda ya ce, jama'a ban iya ba, da an yi masa dariya ta mako guda, iri kuwa ya tsira. Haka zunubi yake. Ubangiji yakan nuna mana ɓarnar tun tana cikin tafin hannu, mu kuwa sai mu haɗiye shaidar mu ƙara tuƙi. Kuma wanda yake biya ba mai ƙaryar kaɗai ba ne. Gwauruwar wansa ce ta rasa rabin gyaɗar gonarta.

Ku kuma ga abin da ya rage na mutumin nan. Wanda ya ɗinke a buhu, rana ɗaya ya ƙare. Wanda ya rarraba wa mutane, shi aka samu ranar da ake nema. Allah mai jinƙai ne, ya gafarta wa Sila, Tabita ma ta gafarta masa. Amma gafara ba ta dawo da abin da wansa ya so ya nuna masa ba. Wannan ya tafi.

Saboda haka, 'yan'uwa, in naku mai kiran yana da rai, kada ku jira baɗi. Yau in an tashi sujada, kafin ku cire kayan Lahadi, ku je ku same shi. Ku tsuguna, ku rufe baki, ku ce, "Ga ni. Nuna mini."